Dan Allah a riƙa yi mana sharhin fim da waƙa, ba labarin auren 'yan fim kaɗai ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah ya ƙara basira ya biya ku da alheri. Ina roƙon a ɗan ba ni fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci na a rai game da shafinku na nishaɗi, in kuma an ga wasiƙar ta yi tsawo dan Allah a daure a buga ta gaba ɗaya kar a yanke, don maganar sai an bi ta daki-daki.

Ni tela ne a nan Funtua, kuma duk wanda ya san sana'ar nan ya san tela ba ya aiki shiru, ko rediyo ko waƙa ko fim a waya, dole akwai abin da yake tashi a shago tun daga safe har a rufe. To kun ga mu ne 'yan kallon kuma mu ne masu sauraron. Duk ranar da jarida ta fito, ina gama labaran gida shafin fina-finai nake buɗewa, amma wallahi kusan kullum abu ɗaya nake tararwa, wance ta yi aure, auren wance ya mutu, wane da wane sun yi cacar baki a Instagram, wane ya yi sabuwar mota. To shi aikin fa? Fim ɗin da suka yi wata da watanni suna wahala a lokeshin, waƙar da mutum ya kwana a sitidiyo yana rerawa, ba mai ce mana ga inda ta yi kyau ga inda ta gaza. Kamar a kawo maka babbar riga ce ka yi ta yabon wanda ya sanya ta, ba ka taɓa tambayar wa ya yanka wa ya yi mata aiki ba. Shi ya sa na ce bari ni in fara, in faɗi abubuwan da suka fi kwanta min a rai a 'yan kwanakin nan da dalilina, ko Allah zai sa wasu masu karatu su ma su rubuto nasu.

A ɓangaren kallo, har yau ban ga abin da ya kama ni kamar Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ba, wanda aka fara a 2019. Abin da ya sa nake son shi, an ƙirƙiri jiha ce da babu ita a taswira, Alfawa, amma duk ɗan Arewa in ya kalla sai ya ga jiharsu a ciki. Ga asibitin gwamnati da talaka zai kai mara lafiya a ce sai ya sayo komai, ga ɗan jarida da ake so a toshe masa baki ko da kuɗi ko da barazana, ga yaran da ake ba ƙwaya da makami lokacin kamfen a watsar da su bayan zaɓe, ga matan manya da nasu mulkin a cikin gida wanda wani lokaci ya fi na ofis ƙarfi. Sannan ga Sani Mu'azu a matsayin Gwamna Bawa Maikada, mutumin nan ba ya buƙatar ɗaga murya, kallo ɗaya zai yi ya ɗan yi murmushi ka san akwai abin da ya ƙulla. Wannan shi ne iya wasa. Da yawa cikin yaran yanzu sun ɗauka in ana so a nuna mugu sai an yi ta ihu ana zare ido, to su je su kalli dattijon nan su koya. Irin wannan fim ɗin ai ya kamata a ce duk zangon da aka gama jarida ta zauna ta yi masa shafi guda, ta ce ga abin da marubutan suka hango daidai a siyasarmu ga kuma inda suka yi ƙari.

Labarina na Malam Aminu Saira shi ma ina bin shi tun farkonsa a 2020, kuma ko maƙiyinsa ya san ya ɗaga darajar hoto da sauti a fim ɗin Hausa, za ka ji maganar kowa tar ba sai ka manna waya a kunne ba, hasken ɗaki na dare daban na rana daban. Ni dai a duk 'yan wasan ciki Rabi'u Rikadawa ne gwanina, yadda ya fito a Baba Ɗan Audu, dattijo mai wayon tsiya da son abin duniya wanda zai cuce ka yana yi maka addu'a, kowace unguwa akwai irinsa kuma kowa ya san nasu. In na gaji kuma ina son dariya sai in koma Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, rigimar 'ya'ya da dukiyar uba, wannan kam ko kwastoma ya zo karɓar ɗinki yana fushi in ya tarar ana kallo sai ya zauna.

Amma fa akwai abin da yake damuna da fina-finai masu dogon zango gaba ɗaya, ba zan kama sunan kowa ba don abin ya zama ruwan dare. Labarin da zai ƙare a zango biyu sai a ja shi har zango takwas tara, a kashe mutum a dawo da shi, a kawo wata sabuwar budurwa daga sama ba dalili, mutum biyu su zauna a falo su yi ta maimaita abin da muka riga muka gani da idonmu a makon jiya. Ga talla, ta maganin gargajiya da ta filaye da ta kayan mata, kafin a shiga labarin datarka ta yi nisa, kuma kowa ya san tun da aka ƙara kuɗin kira da na data a farkon 2025 talaka lissafi yake kafin ya danna YouTube. Na san dalilin, ba wai mugunta ba ce. Da can furodusa zai gama fim ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata a Kano a buga kaset, daga baya aka koma sidi, a raba har Zinder da Maraɗi da Agadas, kuɗinsa su dawo ya shiga wani. Wannan kasuwar ta mutu murus. Yanzu abin da ya rage YouTube ne da masu ba da talla, kuma su yawan kallo da yawan mintuna suke dubawa, wanda ya kalla daga Saudiyya ko Turai ma ya fi kawo musu kuɗi a kan mu da muke nan gida. To mutum ya samu labarin da ya karɓu ta yaya zai yarda ya ƙare shi da wuri? Ga kuma masu tura fim, nan kusa da shagona akwai wani yaro da kwamfuta da dogon benci, in yamma ta yi za ka ga matasa da 'yan aiken matan aure sun yi layi kowa da wayarsa ko memori a hannu, a ba da 'yan canji a cika maka da duk abin da ya fito a makon har da fassarar Indiya, shi ya samu na cefane, mu mun huta da sayen data, amma wanda ya zuba miliyoyinsa ya yi fim ɗin ko sisi ba ta isa gare shi ba. Ban ce a kori yaron nan daga sana'arsa ba, shi ma iyali yake ciyarwa, amma wannan ai magana ce da ya kamata jarida ta bincika ta ji ta bakin kowane ɓangare, ko akwai hanyar da za a yi kowa ya samu.

Ko lokacin da aka zaɓi Mai Martaba ya wakilci Najeriya a gasar Oscar ta 2025, fim na Hausa fa, labarin kwana ɗaya ya yi a jaridu aka wuce, alhali a nan ne ya kamata a zauna a warware mana labarin, a ce ga abin da ya sa aka ɗauke shi a kan sauran.

Waƙa kuwa, Malam Edita, a nan ne zan ɗan daɗe. Shekaru na ƙara ja ina ƙara komawa wajen Alhaji Musa Ɗanƙwairo, yanzu haka shi ne ya fi yawa a memorina. Mutumin nan ya rasu tun 1991 amma in ka sa waƙarsa da safe kana yanka shadda sai ka ji aikin yana tafiya da kansa. Abin da yake burge ni ba muryarsa kaɗai ba ce, 'yan amshinsa ne. Shi zai ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya sake, su kuma su cafe su ƙarasa masa kamar sun san abin da ke zuciyarsa, wani lokaci su yi ƙari da nasu, sannan gaba ɗaya a faɗo kan gindin waƙar lokaci guda, ga kotso yana amsawa a ƙasa ba ya danne maganar kowa. Ba kwamfuta ba na'urar gyaran murya, in mutum ɗaya ya kuskure kowa zai ji. Sai ka yi tunanin shekara nawa suka yi tare kafin su kai haka. Ka saurari waƙoƙin da ya yi wa Sardauna ko sarakuna, ko ba ka san tarihi ba za ka fita da sunayen garuruwa da na kakanni da abin da aka san kowane gida da shi, ga habaici ga zambo wanda sai ka yi sauraro na uku na huɗu sannan ka gane wa ake nufi. Haka Narambaɗa, shi Hausarsa ma sai ka nemi dattijo Bagobiri ko Bazamfare ya warware maka wasu kalmomin.

Mu 'yan Funtua kuma ba ma maganar waƙa mu tsallake Dakta Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a garin nan shekara da shekaru duk da a Musawa aka haife shi, ya rasu a watan Yunin 1999 aka binne shi a Daura. Da Hajiya Barmani Choge, 'yar garin nan, da ta rasu a 2013. Ita Barmani ina ganin har yau ba a ba ta haƙƙinta ba. Ƙwarya ce fa kawai aka kifa a kan ruwa ana bugawa, da mata 'yan amshi, amma ta faɗa wa matan Hausawa su tashi su kama sana'a tun kafin a fara taron ƙarfafa mata a otal-otal, kuma ta faɗa da irin bakin da matan cikin gida suke ganewa. Matan da suke kawo min ɗinki in suka ji na sa ta, za ka ga tsohuwa ta manta da awon da ta zo yi tana gyaɗa kai tana bin baitin. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa shi kaɗai ba ɗan amshi, Haruna Uji na Haɗeja da gurmi, duk suna nan ina juya su.

Kar a ce na tsaya a da. A na yanzu Aminu Ala nake saurare sosai saboda shi yana zama ya tsara kalma, za ka ji ƙafiya da ma'ana sun tafi tare, kuma yana taɓa abin da ya dami jama'a ba soyayya kaɗai ba. Yaran shagona su Hamisu Breaker da Ado Gwanja da Umar M. Shareef suke so, kuma ba na hana su, da rana nasu ake sawa. Ai kowa ya tuna yadda Jarumar Mata ta Breaker ta cika gari a 2020 lokacin kullen korona, yaron yana da murya mai shiga rai wannan ba a musu. Damuwata ɗaya ce, kiɗan fiyano ya sa waƙoƙi da yawa sun zama kamar uwa ɗaya uba ɗaya, in ba mawaƙin ya ambaci sunansa ba ba za ka bambance ba, kuma tun da TikTok ya zo wasu baiti ɗaya suke gyarawa wanda za a yi rawa da shi sauran waƙar a cika da duk abin da ya zo baki. Sannan shi mai kiɗan da ya zauna ya haɗa sautin, sau da yawa sai dai a kira sunansa a farkon waƙa a wuce, ba wanda ya taɓa zuwa ya yi hira da shi ya ji yadda yake aikin. Me zai hana wani cikin matasan nan ya ɗauko mai kalangu ko mai kukuma na gaske ya shiga da shi sitidiyo? Masu yin hakan 'yan kaɗan ne, kuma in jarida ta yaba musu wasu za su biyo.

Sai mujallu, wanda shi ne asalin abin da ya sa na ɗauki biro. Ina da tsofaffin kofen mujallar Fim a cikin wata akwatin ƙarfe a gida, wasu bangon ya cire wasu takardar ta yi ja. Malam Ibrahim Sheme ne ya fara buga ta a watan Maris na 1999, a zamanin akwai Tauraruwa ma, wadda a cikinta ne Sunusi Shehu Daneji ya fara kiran masana'antar da sunan Kannywood. Kwanaki na ɗebo wasu na kawo shago, sai ga yaran nan sun ajiye waya sun dafe su. Ɗaya ya tsaya a kan hoton Ahmad S. Nuhu yana tambayata wane ne wannan, yaron da aka haifa bayan rasuwarsa, don shi Ahmad ranar 1 ga Janairun 2007 ya rasu a haɗarin mota, lokacin ba jarumin da matasa suke so kamarsa. Na zauna na ba su labari. Rabilu Musa Ibro kam sun san shi saboda guntayen barkwancinsa da ake yawo da su a waya, amma ba su san ya rasu tun Disambar 2014 ba, ba su kuma san irin gwagwarmayar da ya sha ba sai da suka karanta hirarsa. Wannan shi ne amfanin mujalla. A ciki za ka ga hira mai tsawo da darakta, ka ga jerin fina-finan da suka fito da kamfanin da ya yi su, ka ga wasiƙun masu karatu daga Gusau da Jos da Yamai har da Kumasi ana muhawara, wani ya ce rawa da waƙa sun ɓata fim ɗin Hausa wani ya ce in an cire su ba mai saye. Gulma ma akwai, ba zan ce babu ba, amma ba ita kaɗai ba ce. Har yanzu ina bin mujallar a intanet kuma ina yaba musu da suka riƙe abin tsawon shekarun nan, sai dai abin da ke waya yau ka gani gobe ya nutse a ƙarƙashin wasu dubu, in shafi ya rufe kuma shi kenan an yi asara.

Ku duba mutanen da muka rasa a 'yan shekarun nan. Kasimu Yero a 2017, Usman Baba Pategi wato Samanja a Nuwamban 2023, Saratu Giɗaɗo Daso a Afrilun 2024. Kowannensu ta'aziyyar kwana ɗaya biyu aka yi a Facebook da hotonsa aka wuce. Samanja fa tun zamanin rediyo da talabijin na Kaduna yake sa mutane dariya yana kuma nuna musu rayuwar bariki, wa ya zauna da shi ya kwashe duk abin da ke kansa kafin ya tafi? Shata ya yi sa'a an rubuta littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, su Ibrahim Sheme suka yi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara waƙoƙin baka da tarihin makaɗa da yawa, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce a kan fina-finanmu, Allah ya saka musu. Amma waɗannan ayyukan yawanci a jami'a suke, tela da ɗan acaɓa da matar aure ba za su je laburaren Jami'ar Bayero ta Kano su nema ba, jarida ce take zuwa hannunmu. Tun Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939 da Abubakar Imam, aikin jaridar Hausa kenan, ta ɗauko ilimi daga inda yake ta kawo wa mai karatun Hausa har ƙofar gida.

Na san akwai masu karatu da za su ce ana fama da tsadar rayuwa da rashin tsaro wa yake ta fim, wasu kuma su ce harkar gaba ɗaya ɓata tarbiyya ce. Ina girmama ra'ayinsu, kuma mu nan yankin ba wanda zai koya mana zafin rashin tsaro. Amma ko mun so ko mun ƙi abin nan yana cikin gidajenmu, yana wayar 'ya'yanmu da matanmu. Da a ce akwai mai sharhi na gaskiya da zai ce wannan fim ɗin ka iya kallo da iyalinka wannan kuwa akwai kalaman da ba su dace da yara ba, ai ya taimaki uba. A watan Mayun 2025 da hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 saboda batun kai su a tace kafin a saki, kowa ya buga labarin, amma mu masu kallo abin da muke so mu sani shi ne me ake dubawa in an kai, wa yake dubawa, kuma ta yaya ake yi da fim ɗin da duk mako ake ɗaukar sabon kashi.

Don haka roƙona Malam Edita, a ware mana ko rabin shafi ne duk mako a ba wanda ya san harkar kuma ba ya karɓar na goro a hannun furodusa, ya kalli fim ɗaya ko ya saurari waƙa ɗaya ya faɗi gaskiyarsa cikin ladabi, ya kuma rubuta mana sunan marubucin labarin da mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti da wanda ya tace, don su ma a san da su. Marubuta irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih sun yi shekaru suna rubuta abin da muke kallo amma mutum nawa ne zai gane su a hanya? A tura wakili ƙauyukan Zamfara da Sakkwato da Katsina ya nemo 'yan amshi da makaɗan da suka yi yawo da manyan nan, waɗanda suka rage tsofaffi ne sosai yanzu, a ɗauki maganarsu tun suna iya bayarwa. Sannan tunda Ali Nuhu ne shugaban hukumar fina-finai ta ƙasa tun Janairun 2024, kuma ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa tana ƙarƙashin hukumar a Jos, a je a tambaye shi fina-finan Hausa na zamanin kaset irin su Turmin Danya na 1990 ko an adana su, in ba a yi ba yaushe za a fara. Haka gidan rediyon tarayya na Kaduna, a tambaya ina tsofaffin faya-fayan makaɗan da aka ɗauka suke kuma wane hali suke ciki.

In kuma an buɗe filin, a bar wani ɗan gefe da mu masu karatu za mu riƙa aiko da abin da muke kallo da wanda muke saurare da dalilinmu, mata da maza, na gida da na Nijar da Ghana da Kamaru, ni dai in Allah ya yarda duk wata za ku ga tawa.

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku mai karatu kullum,
wani tela daga Funtua, jihar Katsina.